An Ba Su Doki, An Riƙe Linzami: Rikicin Shugabanci a Gidajen Wasan Kwaikwayon Shikago

A watan Maris na 2021 gidan wasan kwaikwayo na Victory Gardens da ke Shikago, birni na uku mafi girma a Amurka, ya naɗa Ken-Matt Martin daraktan fasaha, wato mutumin da ke zaɓar wasannin da za a ɗora a dandamali da mutanen da za su shirya su. Tun da aka kafa gidan a 1974 babu baƙar fatar da ya taɓa hawa wannan kujera sai shi, don haka aka ɗauki naɗin a matsayin alamar sabon zamani. Ba a cika shekara ɗaya da rabi ba, a ƙarshen watan Yuni na 2022, kwamitin amintattun gidan ya dakatar da shi, daga bisani ya sallame shi. Marubuta da daraktocin da ke aiki da gidan suka ajiye aiki don nuna fushinsu. Erika Dickerson-Despenza ta janye wasanta mai suna cullud wattah, wanda ke magana a kan gurɓataccen ruwan sha na garin Flint, alhali ana tsaka da nuna shi. A watan Satumba kwamitin ya kori ma'aikatan da suka rage, a daidai lokacin da suke ƙoƙarin shiga ƙungiyar ƙwadago. Gidan da ya ci lambar yabo ta Tony ta gidajen wasan yankuna a 2001, wanda ya yi suna wajen fito da sababbin marubuta, ya daina shirya jerin wasanninsa na shekara, ya koma mai ba wasu dandamali.

Abin da ya faru a Victory Gardens ya nuna kuskuren da aka tafka wajen auna adalci tsakanin jinsuna a harkar wasan kwaikwayo ta Amurka tun daga 2020. An zuba ido a kan kujerar daraktan fasaha, domin ita ce ake gani, mai ita ne ke tsayawa gaban 'yan kallo daren buɗe wasa, hotonsa ne ke shafin farko na ɗan littafin da ake raba wa mutane a ƙofa. Amma ikon gaske yana hannun kwamitin amintattu, wanda ke riƙe da asusu da takardun gini, kuma shi ke ɗauka shi ke kora. An ba sababbin shugabanni doki, an riƙe linzami. Matuƙar ba a taɓa wannan kwamiti da dokokin da suka kafa shi ba, naɗa baƙar fata ko ɗan asalin Latin Amurka a kujerar fasaha sauyi ne da za a iya warware shi a zama ɗaya na yamma, kuma a Shikago an warware shi.

Sai an san yadda waɗannan gidaje suke tafiya kafin a gane nauyin maganar. Manyan gidajen wasan yankuna na Amurka ba kamfanonin neman riba ba ne kamar gidajen wasan Broadway na New York. Ƙungiyoyi ne da doka ta yafe wa haraji, waɗanda suka bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1950 da tallafin Gidauniyar Ford. Kuɗin tikiti ba ya biyan kuɗin shirya wasa. Galibi rabi yake kawowa ko ƙasa da haka, ragowar kuma daga gudummawar attajirai da gidauniyoyi da kamfanoni take fitowa. Kwamitin amintattu shi ne mai kula da wannan gudummawa. Mambobinsa ba a biyansu, hasali ma su ake sa ran su bayar, domin a gidaje da yawa sharaɗin zama mamba shi ne ka ba da wani adadi na kuɗi kowace shekara ko ka nemo shi daga abokanka. Kuma kwamitin da kansa yake zaɓar waɗanda za su cike gurbin da ya faɗi. Babu 'yan kallo a zaɓen, babu 'yan wasa, babu masu ɗinka kayan wasa ko masu kunna fitila. Tsarin da sharaɗin shigarsa dukiya ce, kuma na ciki ke kiran na waje, zai ci gaba da kama da mutanen da suka riga suka tara dukiya. A Shikago kuwa an san su waye. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa farar fata da 'yan asalin Latin Amurka da baƙar fata kowannensu ya kusa kashi ɗaya cikin uku na mazauna birnin, amma dukiyar ba haka ta rabu ba. Binciken da Jami'ar New York ta fitar a 2019 ya gano cewa mazaunin unguwar Streeterville da ke bakin tafki yana iya sa ran kai shekara 90 a duniya, na Englewood a kudancin birnin kuwa shekara 60. Cikin manyan gidajen wasan birnin kuwa, Goodman yana tsakiyar birni, Steppenwolf da Victory Gardens duka suna unguwar masu hali ta Lincoln Park a arewa.

Ga yadda ikon yake aiki a zahiri. Daraktan fasaha ya zauna da mutanensa ya zaɓi wasanni biyar ko shida na shekara mai zuwa, sai ya kai jerin gaban ƙaramin kwamitin kuɗi. Babu wanda zai ce masa ba ma son wasan baƙar fata. Irin wannan magana ba a yinta a fili yanzu. Tambayoyin da za a yi masa su ne: 'yan wasa nawa wannan wasan yake buƙata, tikiti nawa kake jin zai sayar, masu sayen tikitin shekara za su sabunta idan suka ga wannan jeri? Wasan sabuwar marubuciya mai 'yan wasa goma sai a ce a mayar da shi ƙaramin ɗaki, ko a jinkirta shi, ko a nemo mai 'yan wasa uku. Kuɗin talla kuma sai a zuba shi inda aka saba samun masu saye, wato unguwannin arewa da garuruwan bayan gari. Idan wasan ya zo bai cika ɗaki ba, a ce ai ga shi nan, mutanensu ba sa zuwa. Kowace tambaya a cikin waɗannan tana da ma'ana idan aka ɗauke ta ita kaɗai. Idan aka tara su, sakamakon shi ne darakta yana da ikon zaɓar duk abin da ya ga dama cikin abin da kwamiti ya riga ya yarda zai biya.

Rikicin Victory Gardens ma ba da Martin ya fara ba. Chay Yew, haifaffen Singafo, ya jagoranci gidan daga 2011 zuwa 2020, ya kuma tara marubuta daga jinsuna daban-daban. Da ya tashi tafiya, masu fasaha suka roƙi kwamitin ya buɗe ƙofa a nemi magaji a fili. Kwamitin ya yi biris, a watan Mayu na 2020 ya haɗa kujerar fasaha da ta gudanarwa ya ba Erica Daniels, wadda ke riƙe da gudanarwa. Marubutan gidan bakwai, cikinsu har da Luis Alfaro da Ike Holter da Tanya Saracho, suka ajiye aiki gaba ɗaya. A cikin kwanakin nan ne ɗan sanda ya kashe George Floyd a Minneapolis, ranar 25 ga Mayu, zanga-zanga ta cika titunan Amurka. Gidajen wasa da dama suka buɗe zaurukansu don masu zanga-zanga su sha ruwa, su shiga bayi, su sa wa wayoyinsu caji. Victory Gardens kuwa ya sa aka rufe gaban gininsa da katako, tsohon gidan siliman Biograph da ke titin Lincoln, wanda a gefensa jami'an tsaro suka harbe ɗan fashin nan John Dillinger a 1934. Masu fasaha suka taru a bakin ginin suka cika katakon da rubuce-rubuce. Cikin 'yan kwanaki Daniels ta sauka, shugaban kwamitin ma ya bar kujerarsa. A watan nan na Yuni ne kuma ɗaruruwan masu fasaha waɗanda ba farar fata ba suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙar nan mai suna We See You, White American Theater, suka biyo ta da shafuka 29 na buƙatu. Cikin buƙatun akwai a ba su aƙalla rabin guraben aiki da shugabanci, har da na kwamitocin amintattu, a kuma daina kwanakin gwajin da ake tsare ma'aikata awa goma sha biyu a gidan wasa. Masu wasiƙar sun san inda ikon yake. Gidajen wasan ne suka ɗauki buƙatar da ta fi sauƙin cikawa suka bar mai wuyar.

To da Martin ya zo, me ya tarar? Kujerar babban manaja, wanda ya kamata ya zama abokin tafiyarsa wajen kuɗi da ma'aikata, ba a cike ta da na dindindin ba har ya tafi; Roxanna Conner ce ke riƙon ƙwarya, ita ma ta ajiye aiki bayan an dakatar da shi. Masu fasahar da suka yi murabus sun ce kwamitin ya dage sai ya sayi wani gini da ke maƙwabtaka, alhali su a ganinsu gyaran tsohon ginin da biyan ma'aikata ne suka fi gaggawa. Kwamitin ya kare kansa da cewa cinikin ƙarami ne kuma zai rage wa gidan kashe kuɗi nan gaba. Martin ya bayyana cewa ba a gaya masa laifin da ya yi ba, an kuma yi masa tayin kuɗin sallama bisa sharaɗin ya yi shiru, ya ƙi karɓa. Ba sai mutum ya yanke hukunci a kan cinikin ginin ba kafin ya ga abin da ke nan. An sami saɓani tsakanin masu yin aikin da masu riƙe da takardu a kan inda kuɗin gida zai tafi, kuma dokokin gidan ba su tanadi wata hanyar sasantawa ba, domin ɓangare ɗaya yana iya korar ɗayan, ɗayan kuwa ba abin da ya mallaka sai murabus. Sau biyu cikin shekara biyu marubutan gidan suna amfani da wannan makami guda, kuma makami ne da mai riƙe da shi yake fara cutarwa.

Steppenwolf, wanda tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsa da Biograph, ya bi wata hanya a shekarar da aka naɗa Martin. Gary Sinise da Terry Kinney da Jeff Perry ne suka kafa shi a 1974, kuma tun asali gidan 'yan wasa ne, yana da tawaga ta dindindin wadda ake jin maganarta. Da Anna D. Shapiro ta sauka daga kujerar daraktan fasaha a 2021, tawagar ce ta zaɓi biyu daga cikinta, Glenn Davis da Audrey Francis, su riƙe kujerar tare. Davis shi ne baƙar fata na farko a wannan matsayi. Su ma ba su gaji kwanciyar hankali ba: sun karɓi sabon gini na dala miliyan 54 da aka buɗe a ƙarshen 2021 lokacin da 'yan kallo ba su dawo ba, kuma a 2023 gidan ya rage kashi 12 cikin ɗari na ma'aikatansa. Amma ba a ɗora musu laifin an kore su ba. A 2024 suka ɗora wasan Branden Jacobs-Jenkins mai suna Purpose, labarin wani gidan baƙar fata 'yan siyasa na Shikago, Phylicia Rashad ta ba da umarni, Davis kansa ya fito a ciki. Wasan ya wuce Broadway, a 2025 ya ci lambar Pulitzer da ta Tony ta wasan da ya fi kowanne. Ba na cewa Davis ya fi Martin iya aiki, domin Martin bai sami lokacin da za a auna shi ba. Bambancin da ake iya gani shi ne cewa duk kwamitin da ya so taɓa Davis, ya san da tawagar da sunanta shi ne jarin gidan zai yi rigima. Davis yana da mutane a bayansa waɗanda tsarin gidan ya san da zamansu. Martin baƙo ne da aka ɗauko aka ajiye shi kaɗai gaban waɗanda suka ɗauko shi.

Masu ganin an cika ɗora wa kwamitoci laifi suna da hujja mai ƙarfi, kuma ta kuɗi ce. Sun ce annobar korona ta rufe gidajen wasa daga Maris na 2020 har kusan ƙarshen 2021, kuma da aka buɗe 'yan kallo da yawa ba su dawo ba. A 2023 gidan Lookingglass na Shikago ya dakatar da wasanni ya sallami ma'aikata da dama, Mark Taper Forum na Los Angeles ya rufe dandamalinsa na wani lokaci, Public Theater na New York ya rage kashi 19 cikin ɗari na ma'aikata. A irin wannan hali, in ji su, wanda doka ta ɗora wa alhakin kada gida ya rushe dole ya taka birki, ko wane ne darakta. Wasunsu ma suna ƙarawa da cewa sababbin shugabannin ne suka kori tsofaffin 'yan kallo da wasannin wa'azi a kan wariyar launin fata. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa tarihi bai goyi bayansa ba. Tsarin sayar da tikitin shekara gaba ɗaya, wanda ɗan Shikago Danny Newman na gidan opera na Lyric ya yayata a littafinsa na 1977, ya fara lalacewa tun shekaru da dama kafin 2020. Masu sayen suna tsufa, 'ya'yansu kuma ba sa son ɗaure kansu da ranakun wata tara masu zuwa. Gidajen da farar fata ke jagoranta, masu nuna tsofaffin wasannin da aka saba, su ma sun yi asarar 'yan kallo. An miƙa wa sababbin shugabanni tsarin da ya riga ya fara zubewa, sannan aka ƙirga musu zubewar a matsayin gazawarsu. Michelle Ryan da Alexander Haslam na Jami'ar Exeter sun nuna irin wannan a 2005 game da mata a manyan kamfanonin Birtaniya: an fi ba su kujera lokacin da kamfani ya shiga matsala. Nataki Garrett, baƙar fata ta farko da ta jagoranci bikin wasannin Shakespeare na jihar Oregon, ta karɓi aiki a 2019, ta haɗu da annoba da hayaƙin gobarar daji da barazanar kisa har sai da aka ɗaukar mata masu tsaro, ta sauka a 2023. Robert Falls kuwa, farar fata, ya yi shekara 35 yana daraktan fasaha a Goodman. Ya sami damar ɗora wasannin da suka faɗi, ya koyi darasi, ya sake gwadawa. Wannan damar ta yin kuskure ba tare da an kore ka ba ita ce ba a raba daidai ba.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan wuyar amsawa. Wanda ke shugabantar kwamitin Victory Gardens lokacin da aka sallami Martin shi ma baƙar fata ne, lauya. Kuma a ƙarshen 2024 tawagar 'yan wasan Congo Square, gidan da baƙar fata suka kafa a Shikago a 1999 don labaransu, ta shiga takun-saƙa da nata kwamitin bayan tafiyar daraktarta ta fasaha, har 'yan wasan suka janye daga aiki. Mai suka zai ce to ina maganar launin fata a nan, ai rikicin shugabanci ne kawai irin wanda ake yi ko'ina. Na yarda cewa waɗannan misalai sun rushe tunanin da ke cewa a canza fuskoki komai zai gyaru, kuma tunanin da nake suka ke nan tun farko. Idan aka sa baƙar fata a kujerar shugaban kwamiti amma dokokin suka zauna yadda suke, zai yi abin da kujerar ta ba shi ikon yi, zai kuma saurari waɗanda kujerar ta saba saurara, wato manyan masu ba da kuɗi. Launin fata yana shigowa ta wata ƙofa: wa tsarin ya fi cutarwa idan ya juya? Daraktan da ya tashi cikin attajiran birni, ya yi makaranta da 'ya'yansu, yana da wanda zai kira a waya kafin a shiga taro. Wanda ya zo daga waje ba shi da shi. Kuma idan gida irin Victory Gardens ya daina shirya sababbin wasanni, marubutan da suka rasa dandamali galibinsu waɗanda sauran manyan gidaje ba su saba ɗauka ba ne. Doka ɗaya ce ga kowa a takarda, amma ba kowa take kayarwa ba.

Marubucin wasan kwaikwayo baƙar fata August Wilson ya hango wannan tun 1996. A jawabinsa a Jami'ar Princeton gaban taron shugabannin gidajen wasa, ya nuna cewa cikin manyan gidajen wasan yankuna 66 na ƙasar, ɗaya ne kacal na baƙar fata, wato Crossroads da ke jihar New Jersey. Ya nemi a ba baƙar fata kuɗin gina gidajensu maimakon a riƙa gayyatarsu gidajen wasu. Mai sharhi Robert Brustein ya zarge shi da neman raba kan jama'a, suka yi muhawara a bainar jama'a a New York a watan Janairun 1997. Crossroads ɗin ya ci lambar Tony a 1999, shekara guda bayan haka bashi ya sa ya rufe ƙofa na wani lokaci. Ban bi Wilson har ƙarshen maganarsa ba, domin manyan gidaje suna cin moriyar yafe haraji da duk 'yan ƙasa ke ɗauka, don haka baƙar fata suna da haƙƙi a cikinsu, ba alfarma ake yi musu ba. Goodman ne ma gida na farko da ya kammala nuna duka wasanninsa goma na tarihin baƙar fata a ƙarni na 20. Amma a kan kuɗi ya yi gaskiya, kuma alƙaluma sun ci gaba da gaskata shi. Rahoton da cibiyar Helicon ta fitar a 2017 ya nuna cewa kashi 2 cikin ɗari na cibiyoyin al'adu na Amurka ne ke kwashe kusan kashi 60 na duk gudummawar da ake bayarwa. Shikago tana da gidajen da baƙar fata suka gina da hannunsu: ETA, wanda Abena Joan Brown da Okoro Harold Johnson suka kafa a 1971 a kudancin birni, da Black Ensemble Theater na Jackie Taylor, wanda ya fara a 1976 kuma sai a 2011 ya shiga ginin kansa, bayan shekara 35. Waɗannan gidaje sun daɗe da sanin yadda ake cika ɗaki da 'yan kallon da manyan gidaje ke cewa ba sa zuwa. Abin takaici shi ne sau da yawa gidauniya takan ba babban gida kuɗi don ya koyi jawo baƙar fata, ta tsallake ƙaramin gidan da ya shekara arba'in yana yin haka.

An ɗan motsa bayan 2020. Attajira MacKenzie Scott ta ba Black Ensemble dala miliyan 5 a 2021, wasu gidauniyoyi kuma, cikinsu har da Ford da MacArthur, suka haɗa kuɗi suka raba wa ƙungiyoyin al'adu 40 na birnin waɗanda ba na farar fata ba. Kyauta ce mai amfani, amma ta zo sau ɗaya, kuma iskar da ta kawo ta ta juya. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, lauyoyi suka fara jan kunnen gidauniyoyi a kan duk wani tallafi da aka ware wa wani jinsi. A farkon 2025 gwamnatin Trump ta ba da umarnin rushe shirye-shiryen daidaito a hukumomin tarayya, hukumar tallafa wa fasaha ta ƙasa ta soke shirinta na ƙananan ƙungiyoyin da ke yi wa unguwannin da aka bari a baya hidima, a watan Mayu kuma ta janye tallafin da ta riga ta yi wa gidajen wasa da dama alkawari. Duk abin da aka gina a kan kyakkyawar niyyar 2020 kaɗai yana cikin haɗari yanzu. Sanarwar goyon baya ana goge ta daga shafin intanet cikin minti ɗaya, ofishin daidaito ana rufe shi a kasafin kuɗi na gaba. Abin da aka rubuta a dokokin kafa gida kuwa sai an kira taro an kaɗa ƙuri'a kafin a cire shi, kuma ba ya buƙatar a ambaci launin kowa, don haka babu kotun da za ta ce ya saɓa doka.

Shi ya sa nake ganin ƙarfin da ya rage a wannan gwagwarmaya ya kamata ya koma kan takardun da ba wanda ke son karantawa. A ware wa 'yan wasa da marubuta da ma'aikata kujeru a kwamiti, da cikakkiyar ƙuri'a, waɗanda abokan aikinsu ne za su zaɓe su. A cire sharaɗin kuɗi daga wasu kujeru domin malamar makaranta daga Englewood ko mai shago daga unguwar Pilsen su iya zama, a kuma sa wa kowace kujera wa'adi. Kwantiragin darakta ya faɗi dalilan da za su sa a sallame shi da wanda zai saurari ƙorafinsa, kuma kada a sayi gini ko a ci bashi mai nauyi ba tare da masu yin aikin sun sa baki ba. Za a ce ɗan wasan da ke cin albashi a gida bai kamata ya kaɗa ƙuri'a a kan kasafin gidan ba, saboda yana da moriya a ciki. To ai ɗan kasuwar gine-gine da ma'aikacin banki da ke zaune a kwamiti su ma suna da moriya a wasu shawarwarin, kuma an daɗe da sanin maganin hakan: mai moriya ya faɗa, ya fita daga ɗaki a kan wannan batu, ya dawo a kan sauran. Za a kuma ce attajirai za su janye hannu idan aka rage musu iko. Wasu za su janye. Amma Victory Gardens ya bar wa kwamitinsa ikonsa cif, kuma abin da ya rage a hannun kwamitin shi ne gini babu marubuta.

Gidauniyoyi ne suka fi kowa damar tilasta wannan sauyi, domin su ake tsoro. Maimakon su tambayi gida mutum nawa na kowane jinsi ya ɗauka bana, su nemi ganin dokokinsa da kwantiragin daraktansa kafin su sa hannu a cak. Wannan sharaɗi ya shafi ƙananan gidaje ma, kamar yadda rikicin Congo Square ya nuna. Ƙaramin gidan Definition Theatre na Shikago, wanda Tyrone Phillips da Julian Parker suka kafa a 2012, ya haɗa hannu da Goodman a farkon 2025 wajen nuna wasan Fat Ham, yana kuma neman kuɗin gina gidansa a unguwar Woodlawn, kusa da inda iyayen marubuciya baƙar fata Lorraine Hansberry suka sayi gida har shari'arsu da maƙwabta farar fata ta kai Kotun Ƙoli a 1940. Kuɗin gini zai zo da sababbin masu bayarwa, su kuma za su so kujeru a kwamiti. Lokacin da ya dace tawagar ta rubuta wa ke da ikon sallamar darakta, da ƙuri'u nawa 'yan wasa za su riƙe, shi ne yanzu, kafin a karɓi manyan cak ɗin.